Kubura da Sunan Ɗiyarta ta Fari

Kubura matar wana ce, wato matata a wasa, kuma tun ranar da aka kawo ta gidanmu a Filinge ban bar ta ta sha ruwa da daɗi ba. Ina ce mata gajera, tana ce mini direban da motarsa ba ta tashi sai an tura. Hakkina ne na ƙanen miji, na kuwa ci shi son raina. Abu ɗaya ne ko ni Ɗanladi, da duk bakina, ban taɓa iya mayar da shi wasa ba. Kubura tana da ɗiya guda tak a duniya, Habsa, kuma ba ta kiran sunanta.

Baƙo zai ce ƙiyayya ce. Ba ita ba ce. Habsa ɗiyar fari ce, a ƙasarmu ta Kurfai kuwa mace ba ta ambatar sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta rungumarsa ido na gani. Kunya ke nan. In Kubura tana son yarinyar ta zo, sai ta ce “ke”. In labarinta take bayarwa, sai ta ce “waccan”. Uwarmu haka ta yi wa wana Kailu har ta koma ga Allah, bai kuma taɓa ɗaukar abin da zafi ba, don kowa a unguwa haka aka yi masa. Habsa ce ta zo a lokacin da abin ya fara yi wa yara ciwo.

An haifi Kubura a wani ƙauye arewa da Filinge, wajen hanyar Abala, gab da lokacin da soja suka fara karɓar mulki. Mahaifinta Magagi manomin gero ne. Shekarar da gwamnatin soja ta aiko a ba da yara lekwal, wato makarantar boko, masu wayo sun ɓoye nasu a rumbu. Magagi ya duba ya ga in aka ɗauke masa namiji ba mai riƙe masa hauya, sai ya miƙa mace. Da haka Kubura ta shiga karatu, ba don an ga ƙwaƙwalwarta ba.

Sai aka yi dace makarantar irin ta gwaji ce, wadda ake fara koyar da yara da harshensu kafin a kai ga Faransanci. Mutanen ƙauye sun yi dariya har da riƙe ciki. Suka ce an kwashi yara an tara a rumfar zana don a koya musu Hausar da suka fito da ita daga gida. Kubura ba ta damu ba. Ta ba ni labari cewa ranar da ta fara ganin maganar kakarta a jikin allo, da farin alli, ta kasa cin abinci don murna. Tana aji biyar aka yi babbar yunwar nan. Gero bai yi ba, dabbobi suka faɗi, ƙauyen ya watse. Magagi ya kwaso iyalinsa zuwa Filinge da jaki ɗaya, karatun Kubura kuma ya tsaya a nan.

Ta girma tana sayar da fura a bakin kasuwa, daidai ƙofar shagon wana, wanda tela ne. Kailu mutum ne da fura ke ɓata wa ciki, amma sai ga shi yana sayen ta safe da yamma. Ni nake shanyewa. Da abin ya ishe ni na ce masa ko dai ya aure ta ko ya nemi wani mai sha, sai ya zaɓi na farko.

Sun fi shekara goma ba haihuwa. Abin da bakin mutane ya faɗa a shekarun nan ba sai na maimaita ba. Kailu ya toshe kunne ya ci gaba da taka kekensa. Kubura ta sha sassaƙe, ta sha rubutu, ta je asibitin Yamai a motata har na daina karɓar kuɗinta. Sai da kowa ya fid da rai Allah ya kawo Habsa. Ranar suna na leƙa bayan ɗaki neman buta, na tarar da mai jego ita kaɗai ta toshe baki da zane tana dariya tana hawaye. Da ta gan ni ta haɗe fuska, ta ce in ɓace mata da gani.

Kunyar ɗan fari ba ita kaɗai take tafiya ba, tana da abokin tafiya. Uwa tana yin shiru ne don akwai kaka, wadda za ta ɗauki yaro ta goya, ta kira sunansa sau ɗari a wuni, ta lalata shi da gata. Habsa ta zo duniya kakanninta mata duk sun rasu. Kailu ne ya ɗan toshe gurbin. Shi ma ba ya kiran sunan, amma yakan ɗora ta a cinya yana ɗinki, yana ce mata hajiyar shago. Tana shekara bakwai ciwon ƙirji ya kwantar da shi, bai ga damina ta gaba ba. Gidan ya koma mutum biyu, uwa da ɗiya, kowace tana son ƴar’uwarta, ba mai faɗa.

Ni ina hanya kullum, Filinge zuwa Yamai, in tsaya Baleyara in sauke buhuna. Ranar kasuwa Kubura takan tare ni a tasha da ƙunshi a ƙarƙashin mayafi. Takalmi ne, ko ɗan kunne, ko yadi.

“Ka ba waccan,” in ji ta. “Ka ce kai kas sawo daga Baleyara.”

“Matata, ke mi ya hana ki ba ta da hannunki?”

“Kai dai ba ka da kunya, shi ya sa ba ka san ta ba.”

Da haka na zama baban da ya fi kowa kirki a idon Habsa, da guminta ita Kubura.

Shekarar da soja suka sake mayar da mulki ga farar hula, Sahabi ya dawo gari. Ɗan wani attajirin unguwarmu ne, ya daɗe yana karatu a Indiya, ya dawo da gilashi da sanƙo da niyyar buɗe makaranta. Ba irin lekwal ɗin da muka sani ba. Tsarin karatun daga waje za a kawo shi, da Turanci da Faransanci, jarrabawar ƙarshe ma a waje za a duba ta, yaron da ya ci kuwa duk ƙasar da ya nufa za a karɓe shi. Ya tara dattawa a ƙofar gidan ubansa ya yi musu bayani. Ya ce yara za su zauna a kewaye da tebur, su yi wa malami tambaya, su dube shi cikin ido, su faɗi abin da ke ransu.

Wani dattijo, Alhaji Ibrah, ya ɗaga sanda. “Ɗiyanmu su dube mu cikin ido? To in sun gama da malami, mu za su zaka ma ke nan.”

Sahabi ya yi murmushi, da ma ya shirya wa wannan. Ya ce a can inda ya fito ya ga makarantu masu karatun duniya, amma yaransu da tufafin gida suke zuwa, da gaisuwar gida, ba su yar da komai nasu ba. Shi ma haka zai yi. Kowace Laraba za a ajiye littattafan waje, a koya wa yara al’adar Kurfai. Dattawa suka gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, don maganar ta yi daɗin ji, kuma har yau ban ce yaron da mugun nufi ya zo ba.

Sai aka shiga neman wanda zai koyar. Tsofaffin da suka san al’ada ba su iya riƙe alli ba, masu riƙe alli kuwa rabinsu ba su san bambancin gero da maiwa ba. Aka laluba gari aka dawo kan mai furar bakin kasuwa, wadda ta iya rubuta Hausa tun zamanin rumfar zana. Kubura ba ta yi ciniki ba. Abu ɗaya ta roƙa, a ba “yarinyar nan” kujera. Aka ba ta. Ranar da na fara jin yara suna ce mata Madan Kubura sai da na kashe mota na yi dariya ta ishe ni. Ta wuce ni da sabon mayafi, ko kallo ban samu ba.

Ta iya aikin, wannan kam ba mai musu. Takan kwashi yara zuwa gona lokacin girbi ta nuna musu ɗaurin dami. Ta koya musu yadda ake shiga gidan mutane, da yadda ake gaisuwar mutuwa, da wanda ake durƙusa wa, da wanda ake yi wa wasa. Yaran da suka zo ba su san kawu daga baba ba, suka koma gida suna gyara wa iyayensu. Akwai kuma darasin kunya: kunyar suruki, kunyar miji, kunyar ɗan fari. Tana rubutawa a allo, yara suna kwafa, ƙarshen wata a yi jarrabawa. A nan ne zuciyata ta fara ba ni wani abu. Mu ba wanda ya taɓa koya mana kunya da alli. Mun tashi mun same ta ne a gida, kamar yadda muka sami randa a bakin ƙofa.

Sauran kwanakin mako kuwa wani karatu ake yi dabam. Akwai wata malama da aka ɗauko daga gaɓar teku, mace mai fara’a, wadda takan zaunar da yara da safe ta ce kowa ya faɗi kalma mai daɗi da uwarsa ta gaya masa kafin ya fito. Ta koya musu cewa wanda yake son ka zai faɗa, wanda ya yi shiru kuwa a tambaye shi dalili. Yara suna ta ƙirƙiro ƙarya don kada a bar su a baya. Habsa ba ta iya ƙarya ba, sai ta sunkuyar da kai har a wuce ta.

Ranar Laraba kuma uwarta ce a gaban allo. Kubura takan kira kowane yaro da sunansa, har da laƙabin da kakarsa ke kiransa da shi. In ta zo kan ɗiyarta sai ta kau da ido ta ce, “Ke, ta bakin taga.” Yara ba su da tausayi. Kafin shekara ta ƙare duk makarantar ba mai ce mata Habsa, sai Ta-bakin-taga.

Wata rana da azahar Habsa ta same ni a tasha ina ɗaure kaya a saman mota. Lokacin ta fara zama budurwa, doguwa kamar ubanta. Idonta ya yi ja.

“Baba, mi na yi ma Inna?”

Na sauko. Na zaunar da ita a benci na shiga yi mata bayani, tun daga kakarta har zuwa kakar kakarta. Na gaya mata takalmin da ke ƙafarta ma ba ni na saya ba, da duk abin da na taɓa miƙa mata.

“Na sani, Baba,” in ji ta. “Ashirin bisa ashirin na samu a darasin kunya. Ni ce ta ɗaya. Na san dalili, na iya rubuta shi. Amma in na kwanta ba dalilin nike son ji ba. In tana so na, ta hwaɗi da bakinta.”

Na bar ta ta tafi, na koma ga ɗaurin kayana. Da yamma na tafi gidan na tarar da Kubura tana surfe. Na ajiye wasa gefe, abin da ban saba ba.

“Kubura, ki kira ta sau guda. Cikin ɗaka, ba mai ji.”

“Ni ina ji.”

“To sai mi?”

Ta jingine taɓarya. “Ran Laraba in tsaya gaban ɗiyan mutane in ce musu mi? In koya musu abin da ni ban riƙe ba?” Sannan ta rage murya. “Ɗanladi, ka san shekarun da na yi ina jira. In na buɗe baki duniya ta ji yadda nike son ta, aka ɗauke mini ita hwa? Bar ni hakanan. Tana ci, tana sha, tana karatu. Ya ishe ni.”

Na ji tausayinta, na kuma ji haushinta, duka a lokaci guda. Na fito ban sha ruwan da ta kawo mini ba.

Shekaru suka tafi a haka. Habsa ta daina kuka, abin da ya fi kukan tayar mini da hankali. Ta duƙufa a kan karatu. Tana gaida uwarta a durƙushe safe da yamma, daidai yadda aka koyar ran Laraba, ba ragi ba ƙari. Da sakamakon jarrabawar ƙarshe ya dawo daga waje, ita ce ta fi kowa, har aka ba ta gurbin karatu kyauta a Indiya.

Tsarin da Sahabi ya kawo yana da tasa al’adar ta ranar kammalawa. Uba ko uwa zai hau dandamali, ya kira sunan ɗansa a lasifika, ya yabe shi da kalma biyu, ya miƙa masa takardar shaida. Mutanen Filinge ba su rasa dabara ba. Duk wanda nasa ɗan fari ne sai ya tura gwaggo ko kawu, a wuce wurin. Na ce ni zan hau wa Habsa. Sahabi ya ƙi. Yana da baƙi daga Yamai, har da Turawa biyu daga masu tsarin, kuma yana son su ga malamar al’ada da kanta tana karrama ɗiyarta da ta cinye jarrabawar duniya. A ganinsa duk abin da ya gina makarantar dominsa ke nan a hoto guda. Yaron nan a unguwarmu aka haife shi, shi ma ɗan fari ne, uwarsa har gobe “wancan” take ce masa. Ya manta ne, ko ya ɗauka abin da ake koyarwa ran Laraba a aji yake kwana, Allah masani.

Habsa ma ta ƙi ni. Ana gobe taro, da la’asar, ina zaune a tsakar gidan, ta zo ta durƙusa a gaban uwarta.

“Inna, ban taɓa roƙon ki komi ba. Gobe ki kira ni. Sau guda. Daga nan ba ni ƙara tambaya har abada.”

Kubura tana tsince wake, ba ta ɗago ba. “Allah shi kai mu,” in ji ta.

Allah ya kai mu. An kafa rumfuna a filin makaranta, an jera kujeru, mata a gefe guda, tsofaffi a sahun gaba. Alhaji Ibrah, mai ɗaga sandar nan, ya hau ya kira sunan ɗansa na uku har sau biyu don daɗin lasifika. Aka bar Habsa a ƙarshe. Kubura ta tashi cikin shuɗin leshin da Kailu ya ɗinka mata da hannunsa, ta hau matakala a hankali. Habsa tana tsaye a ɗaya gefen cikin doguwar rigar kammalawa. Sahabi ya miƙa wa uwar takarda da abin magana.

Ina kusa, na ga komai. Na ga ta ja numfashi. Wallahi ta yi niyya. Sai idonta ya sauka a sahun gaba, kan tsofaffin matan da suka san uwarta, da iyayen yaran da ta shekara bakwai tana koya wa kunya. Filin ya yi tsit, har ana jin kukan akuya a bayan katanga.

“Allah shi yi ma ɗiyan mutane albarka,” in ji ta. “Su duka.”

Ta mayar wa Sahabi kayansa ta sauka.

Tsofaffi suka ɗauki guɗa. Na ji wata tana cewa, “Ga ɗiyar mutunci! Ba ta ba mu kunya ba.” Turawa suka ga ana guɗa, suka kama tafi. Sahabi ya sunkuya yana yi musu bayani da murmushi cewa wannan wata tsohuwar al’adarmu ce mai kyau, suka ɗaga na’ura suna ɗaukar Kubura hoto. Kowa a filin nan ya sami abin da ya zo nema. Habsa kuwa tana tsaye a sama da hannu a miƙe, ba wanda ya tuna da ita, sai da Sahabi ya waiwaya ya karanto sunanta da sauri. Ban taɓa jin haushin garinmu irin na ranar ba.

Ni na kai ta Yamai ta hau jirgi. Kubura ta kwana uku tana shiri, ta yi dakuwa, ta daka yaji, ta sayar da tumakinta biyu ta sayi akwati, duk ta bi da su ta hannuna kamar kullum. Safiyar tafiya Habsa ta durƙusa ta yi sallama, uwar ta ce Allah shi kiyaye hanya, ta ɗauki tulu ta fita kamar mai zuwa rijiya. Uwa ba ta raka ɗan fari tasha. Da muka tayar da mota muka zo kwanar injin niƙa, na hango ta a madubi, ta raɓe a bayan bango da tulun a hannu, ba ruwa a ciki.

“Habsa, waiwaya ki ga Innarki.”

“Mu tahi, Baba,” in ji ta. Idonta yana kan hanya har Baleyara.

Ta yi karatunta ta gama. A can ta haɗu da wani yaro ɗan ƙasarmu, aka ɗaura aure a Yamai ba su zo ba, ni na karɓi waliccin. Aiki ya kai su wata ƙasar kuma. Ba ta yanke zumunci ba, kada in yi mata ƙarya. Tana aiko saƙon murya a salulata, tana tambayar kowa, a ƙarshe ta ce a gaida Inna. Kubura ba ta taɓa cewa in kunna mata ba. Sai dai duk ranar da saƙo ya zo, ban san yadda take ji ba, za ka gan ta ta shigo gidana aron rariya, ta zauna kusa da ni tana gyaran ɗaurin kallabi har a gama.

Da soja suka sake dawowa, masu tsarin suka janye, malaman waje suka tattara. Hanya ma ta lalace da tsoro, ni kaina na jingine mota. Sahabi ya yi ta fama shekara guda, sannan ya sa kwaɗo a ƙofar makarantar ya koma Yamai. Yanzu awaki ke kwana a ajin da aka koyar da kunya. Kubura ta koma bakin kasuwa da ƙwaryar fura, ga hawan jini, ga ƙafa tana kumbura. Tsofaffin da suka yi mata guɗa yawancinsu sun rasu. Ƴan matan da ta koyar sun yi aure, ina jin su a unguwa suna kiran ƴaƴansu na fari da suna, ba abin da ya same su.

Bara Habsa ta haihu, mace, aka sa mata Salamatu. Watanni bayan haka ta aiko wani saƙo, tana cikin gaishe ni sai jaririyar ta yi kuka. Ba ta kashe ba. Muka ji ta tana rarrashi: “Salamatu, Salamatuna, yi shiru, ga ni nan, Salamatu.” Har da ƙarar sumba.

Kubura tana zaune da rariyata a cinya. Ta ce, “Maido shi.” Karo na farko ke nan da ta taɓa roƙo. Na mayar. Ta ce in ƙara.

“Ji ta,” in ji ta. “Ɗiyar hwari, kuma ko gezau.” Ba faɗa a muryarta. Ta tashi ta tafi, ta manta rariyar.

Bayan kwana kaɗan ta dawo da hantsi. Ta aiki matata ta gaske kasuwa sayen abin da ba ta bukata, ta kori yara, ta tura ƙyauren ɗakina. Na buɗe baki zan yi mata tsiya cewa yau dai ta yarda ni ne mijin, sai na ga fuskarta na haɗiye.

“Taɓa abin nan da ka ɗaukar magana,” in ji ta.

Na danna na kai mata baki. Ta buɗe, ba abin da ya fito. Na goge. Muka sake, sai numfashi kawai. Ta share zufa da bakin mayafi, ta ce in juya mata baya. Na juya, na miƙa hannu ta baya kamar mai ba suruka goro. Can na ji shi, da wata murya siririya, a shaƙe, wadda ni kaina ban san ta da ita ba.

“Habsa.”

Shi ke nan. Na aika kafin ta canza shawara. Ta zauna a bakin gado tana haki kamar wadda ta ɗauko dami daga gona, hannayenta biyu a cinya. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, ban ɓoye ba. Muka zauna muna kallon salula.

Ba a daɗe ba amsa ta shigo. Kubura ta gyara zama, ta gyara kallabi. Na kunna.

Muryar Habsa ce, sakayau, da fara’arta. “Baba, ina kwana, ina gajiya? Na ga saƙo ya shigo daga wajenka, na ji wata tsohuwa ta kira sunana, sai ya yanke. Wace tsohuwa ta? Ko dai yara sun taɓa maka waya? A gaida mutanen gida. A gaida Inna.”

Na ɗaga salular zan amsa. Kubura ta riƙe mini hannu, riƙo mai ƙarfi, ta girgiza kai. Sannan ta dafa gado ta miƙe, ta laluba takalminta da ƙafa.

“Ce mata wata maƙwabciya ta taɓa maka waya,” in ji ta.

Ta buɗe ƙyaure ta fita, don furarta tana jiran ta a bakin kasuwa.